Majigi ba ya koyar da netwok: zare ga masu shirya zaman fasaha a ƙasar Gumel

1/
Zare ne, mai ɗan tsawo kuma, ku yi haƙuri da ni 🧵

Magana ce kan yadda ake koyar da harkar netwok, wato haɗa kwamfutoci da wayoyi su riƙa magana da juna, a irin zaman da matasa ke shiryawa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. A ganina, tsarin da muka fi ƙauna shi ne ya fi kowanne ƙarancin amfani.

2/
Kun san tsarin ai. A kama ɗaki, a ɗaura bana, a kunna majigi. Mai gabatarwa ya tsaya gaba da tulin silaid, ya faro daga tarihin intanet, ya gangaro kan matakai 7 na OSI. A yi tafi, a ɗau hoto, a raba ruwan leda da satifiket. Kowa ya koma gida bai taɓa kebul ko ɗaya ba.

3/
Ba raina masu shiryawa nake ba, wallahi. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke yi, wasu har da bashin man janareta. Amma abu ɗaya nake ce wa duk wanda ya fito daga irin zaman nan: ga laftof biyu, ga kebul, sa wannan ta ga waccan. In ya kasa, to labarin netwok aka ba shi, ba a koya masa ba.

4/
Netwok ba kamar sauran darussan kwamfuta ba ne. Mai koyon Excel ko zane a Canva yana kallon abin da hannunsa ke yi. Shi netwok ba a ganin sa. Saƙo ya fita daga wayarka, ya ratsa na'urori barkatai, ya dawo da amsa kafin ka ƙifta ido. Ba ya nuna kansa sai ranar da ya lalace.

5/
Shi ya sa wanda bai taɓa zama gaban netwok ɗin da ya ƙi aiki ba, gumi na keto masa, mutane tsaye a kansa suna "ya dawo?", bai fara koyo ba tukuna. Aikin mai shirya zama shi ne ya kawo masa wannan gumin da wuri, a inda ba wanda zai yi asara.

6/
Kafin ma a zaɓi tsari, a tsaya a tambaya: wane aiki ne ke jiran yaran nan a nan gida? Don in ka kalli silaid ɗin wasu, sai ka ɗauka gobe da safe za su kama aiki a hedkwatar banki a Legas.

7/
Ga aiki na zahiri. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Cibiyar CBT kuwa sai da kwamfuta aƙalla 250, kowacce da kebul ɗinta har zuwa suwic, ba Wi-Fi ba. Kowane kebul kai biyu gare shi. Ku lissafa kawunan da sai wani ya zauna ya matse da hannunsa. Ga shi kuma gwamnatin tarayya na cewa WAEC da NECO ma can suka nufa.

8/
Ban da wannan akwai kyamarorin tsaro a gidajen mai da manyan shaguna. Akwai shagon buga takardu da ke son kwamfuta huɗu su yi aiki da firinta ɗaya. Starlink ya shigo Najeriya tun farkon 2023, za ka ga an saya an kafa a makaranta, amma Wi-Fi ɗin bai wuce ofishin shugaba ba.

9/
Sau da yawa in irin wannan aiki ya taso, Kano ake bugawa waya. Mutum ya taso daga wajen kilomita 120, a biya masa mota, a biya masa abinci, ya matse kai biyu, ya sauya lamba ɗaya a rawuta, ya juya. Kuɗin nan na yaranmu ne. Hannunsu ne kawai bai faɗa ba.

10/
Abin haushin, Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure da kamfanin Galaxy ITT, lokacin da shiga intanet sai an je kafe an biya kuɗin awa. Shugaban NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa, ɗan Haɗeja ne. Tarihi kam muna da shi, sai dai ba ya matse kebul.

11/
To bari in bi tsare-tsaren da ake yi, in faɗi inda nake ganin kowanne ya dace.

Lacca da majigi: ban ce a kashe ta ba. A rage mata tsawo. Minti 15 a farkon zama, kuma ta zama labari, ba jerin ma'anonin kalmomi ba.

12/
Misali. Ranar 14 ga Maris 2024, kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a kusa da gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. Sai ka jefa wa ɗakin tambaya: me ya haɗa mai POS a kasuwar Maigatari da igiyar da ke kwance a ƙasan teku?

13/
Daga nan kowa ya ciro wayarsa, ya buɗe manhajar da ke yin traceroute, ya ga da idonsa zangon da saƙonsa ke yi kafin ya isa. Sai ka ambaci IXPN, mahaɗar da aka kafa a 2006 don saƙon cikin gida ya daina zagayawa ta Turai kafin ya dawo Najeriya. Shi ke nan, kashe majigi.

14/
Zama ta Zoom ko Google Meet. Nan zan ɓata wa wasu rai.

Ana cewa ai ya fi sauƙi: ba kuɗin ɗaki, ba kuɗin mota, ɗan Gagarawa ma zai shiga daga ɗakinsa. A baki haka ne.

15/
A ƙasa kuwa, a Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Awa biyu na bidiyo kai tsaye, ɗalibi zai ji a jikinsa. A ƙauyukanmu da dama sai ka nemi tudu ko bakin titi kafin 4G ta tsaya. Can bakin iyaka a Maigatari ma wani lokaci sabis ɗin Nijar wayarka za ta cafko.

16/
Sai ya zama kana koyar da netwok ta kan netwok ɗin da ke yankewa. Rabin lokacin "kuna ji na?" ne. Wanda zai tsaya har ƙarshe shi ne mai laftof da data da wuta, wato wanda dama ya fi kowa rashin buƙatar taimakonka.

17/
Inda intanet ke da amfani shi ne tsakanin wannan zama da mai zuwa. Guruf na WhatsApp, saƙon murya na minti 3 da Hausa, gajeren bidiyo da mutum ɗaya zai sauke ya tura wa abokansa ta Xender. Tambaya ɗaya a mako. Ba guruf ɗin da zai koma na barka da Juma'a ba 😅

18/
Packet Tracer. Kyauta Cisco ke ba da shi in ka yi rajista a Networking Academy ɗinsu, kuma ina son sa sosai. A cikinsa za ka jera rawuta biyar ka haɗa su kamar kana haɗa Gumel da Dutse da Kano, abin da ba mu da kuɗin sayen kayansa na gaske.

19/
Amma shi mataki na biyu ne. A Packet Tracer kebul ba ya taɓa zama jabu. Ɓera ba ya cin sa, zafin Afrilu ba ya sa rawuta ta riƙa kashe kanta, ba a ɗauke wuta. Yaron da ya fara da shi zai ɗauka netwok zane ne: ja layi daga nan zuwa can, ɗigo ya koma kore. Kuma sai da laftof, alhali yawancin masu zuwa waya kawai gare su.

20/
Tsarin da nake kira a koma masa shi ne tebur. Mutum uku ko huɗu a tebur ɗaya. Gabansu tsohuwar rawuta, ƙaramin suwic mai ƙofa 8, guntayen kebul, kawunan RJ45, filayar matse kai, testa, da laftof biyu ko da na aro ne.

21/
Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: duk wannan ba ya buƙatar intanet. Ko sisin data. Netwok na cikin ɗaki da kansa yake aiki. Wutar ma kaɗan ce, irin rawutar gida yawanci bolt 9 ko 12 take ci, batirin sola ɗaya zai riƙe ta har a tashi. Majigi ne ke sa a tayar da janareta, ba darasin ba.

22/
Awar farko, kowa ya matse kebul ɗinsa. Kowa fa, ba wanda ya fi zaƙewa a teburin ba. Silli 8 ne a ciki, tagwaye huɗu. Jerin da aka fi bi, T568B: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa.

23/
Na farko zai lalace. Na biyu ma haka. Ka bar shi ya yanke ya sake. Lokacin da ya soka a testa, fitilu suka bi layi daga 1 har 8 ba tsallake, kalli fuskarsa. Na sha ganin wannan murmushin, kuma ban taɓa ganin irinsa a ƙarshen lacca ba.

24/
A nan kuma ake koyon wayon kasuwa. Ba shi reza ya kankare silli ɗaya. In jan ya goge fari ya bayyana, to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, irin mai arahar nan. Ya san abin da zai duba ranar da aka aike shi Beirut Road ko Farm Centre sayayya. Ya kuma san kebul ɗaya bai kamata ya wuce mita 100 ba, kafin ya je ya ja wa mutane mita 150 ya rasa abin faɗa.

25/
Daga nan sai adireshi. Laftof biyu, kebul ɗaya, a saka lamba da hannu: 192.168.1.10 da 192.168.1.11. A buɗe baƙin allon nan a rubuta ping. Amsa ta dawo. In Windows ta ƙi amsawa, ga darasin katangar tsaro ya kawo kansa. Sai ka ce a mayar da ɗaya 192.168.2.11. Amsa ta ɗauke. Kada ka faɗi dalili, bar su su yi gardama minti biyar.

26/
Yanzu ga wanda na fi so duka, wanda nake ganin ya kamata ya cinye rabin kowane zama. Ni ɓata-ka-gyara nake ce masa.

'Yan tebur na ɗaya su haɗa netwok ɗinsu ya yi aiki. A ce su fita shan iska. 'Yan tebur na biyu su zo su ɓata abu ɗaya tak, su rubuta a takarda su ninke. A dawo, a duba agogo, a fara nema.

27/
Abubuwan ɓatawa ba sa ƙarewa. Kashe DHCP a rawuta. Laftof ta jira a ba ta adireshi, shiru, sai ta ba kanta wani mai farawa da 169.254. Wanda ya taɓa yin gumi a kan lambar nan sau ɗaya, duk ranar da ya sake ganin ta ya san inda zai dosa.

28/
Ba kwamfuta biyu adireshi ɗaya. Yanzu ta yi, an jima ta ƙi, kamar mai iskokai. Ko ka saka adireshin ƙofar fita da ba daidai ba: suna ganin junansu a cikin ɗaki, amma ba mai iya leƙa waje.

29/
Ko DNS. In an jona rawutar da hotsfot ɗin waya ɗaya, lalata DNS kawai ka bar sauran. Ping zuwa 8.8.8.8 na tafiya lafiya lau, amma rubuta sunan shafi, shiru. Nan take yaro zai gane suna daban, lamba daban, kuma akwai tafinta a tsakani. Na sha ganin an yi rabin awa ana bayanin wannan da majigi, ana gyaɗa kai, ba a gane ba.

30/
Mafi mugunta 😂 ɗauki kebul ɗaya ka soka kansa biyu a suwic guda, irin mai arahar nan. Saƙonni su yi ta zagaye suna ninkuwa, fitilu duka su haukace, komai ya tsaya cak. Wannan fa na faruwa a ofis na gaske, in mai shara ya ga kebul na reto ya ce bari ya taimaka ya soka shi.

31/
Akwai na ɓoye kuma: kebul mai silli ɗaya a karye. Wani lokaci ba zai mutu ba, sai dai gudunsa ya sauko daga 1000 zuwa 100, don gigabit sai da tagwayen huɗu duka, shi kuwa 100 biyu sun ishe shi. Mai ofis ya yi ta cewa netwok na jan ƙafa, yana tsine wa kamfanin waya, alhali laifin na cikin bangonsa.

32/
Doka ɗaya ga mai koyarwa a wannan lokaci: hannu a aljihu. Komai ƙaiƙayin da yake maka, kada ka karɓi laftof ɗin. Tambaya kawai. Fitila na ci? Wane adireshi gare ka? Kana ganin rawuta? Kana ganin waje? Suna na buɗewa?

33/
Ku lura, tambayoyin nan daga ƙasa suka taso zuwa sama: waya, adireshi, hanya, suna. Ai ƙashin bayan OSI ɗin da ake sa yara haddacewa ke nan. In sun yi wata biyu suna hawa wannan tsanin da hannu, sannan ka zana masu matakan 7 a allo, za ka ji ana "au, dama wannan ne?"

34/
Inda zan saɓa da 'yan "firaktikal zalla" shi ne rabon adireshi, sabnetin. Wannan ba a koyon sa da filaya. Allo da alli, biro da takarda, a rufe duk wata na'ura. Lissafi ne, sai an zauna masa.

35/
Amma shi ma a ɗaure shi da aiki. /24 na ba ka adireshi 254 da za a iya rabawa. Cibiyar CBT mai kwamfuta 250, ga na ko-ta-kwana, ga saba, ga kyamarori. Zai isa? Ba zai isa ba. /23 fa? 510. To kyamarorin, a cakuɗa su da kwamfutocin jarrabawa ko a ware masu nasu /26 mai 62? Yanzu lissafin ya samu dalili.

36/
Minti 20 a kowane zama, tambaya uku, kowa shi kaɗai. In aka ce rana ɗaya za a gama shi, kai zai ɗau zafi a watse.

37/
Batun harshe. A yi bayani da Hausa, ba abin kunya a ciki. Amma kalmomin da ke fitowa a fuskar na'ura a bar su yadda suke: DHCP, DNS, ping. Ranar da yaro ya buɗe shafin saita rawutar TP-Link ko MikroTik a wajen aiki, ba zai tarar da fassararmu a ciki ba.

38/
Misalai kuma a ɗauko na gida. Rawuta kamasho ce a tasha, ba ta kai ka Kano da kanta, ta dai san motar da za ta saka ka. Baƙo ya sauka kasuwar Maigatari, a nuna masa inda zai ɗaure dabbarsa, in ya tashi a ba wani wurin: DHCP ke nan. Sai dai kar a daɗe a kan misali, minti ɗaya ya isa, a koma kan tebur.

39/
Wata cutar da ke cin zamanmu: kullum "gabatarwa". Wannan watan gabatarwa kan netwok. Wata mai zuwa an ga sabbin fuskoki, a sake gabatarwa. Na farkon su gaji su daina zuwa. Shekara ta zagayo ba wanda ya wuce shafin farko.

40/
Maganin wannan gadonsa muka yi, ba sai mun aro ba. Dubi makarantar allo. Wuri ɗaya ake zaune, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Na gaba ya biya wa na baya, malam na zagayawa, ba a cewa ka wanke sai an ji ka iya. Ba wanda ake tsayarwa don sabo ya zo.

41/
Haka tebur zai kasance. Kowa da katinsa, da jerin abin da zai nuna ya iya: matse kebul, saka adireshi da hannu, saita Wi-Fi da kalmar sirri, raba firinta, gano ɓarna uku cikin minti 10. Ba a sa maka hannu sai an gani. Wanda ya cika kati shi zai kula da tebur a wata mai zuwa. In dole sai an ba da satifiket, to katin nan ne.

42/
Na san amsar da za ta zo: kaya tsada. Gaskiya ne, dala ta taɓa komai. Amma ku haɗa kuɗin bana, da buga satifiket mai kala, da lemon manyan baƙi, da man janareta na awa huɗu. Ku je da jimillar kasuwa ku tambayi filaya da testa da ƙaramin suwic. Su kuma ba ranar suke ƙarewa ba.

43/
Amsa ta biyu: to in mutum 100 suka zo fa? Kada su zo 😅 A ɗauki 20, tebur biyar. Na san hoton ɗaki cike ya fi kyau in za a tura wa mai ɗaukar nauyi. Sauran a rubuta sunayensu. Nan gaba kaɗan waɗannan 20 ɗin ne za su tsaya masu a tebur, kai kana zagayawa.

44/
Ba ni na ƙirƙiro wannan ba fa. AfNOG, taron masu gudanar da netwok na Afirka, tun 2000 haka yake ba da horo: kwanaki a ɗakin gwaji, kowa gaban na'ura yana saitawa. ngNOG na Najeriya ma sawun da ya bi ke nan. In manya ba su yarda su koya da kallo kawai ba, ban ga dalilin da za mu ce ƙannenmu su yi ba.

45/
'Yan 3MTT da masu burin CCNA, ban ce ku fasa ba. Jarrabawar CCNA dala 300 ce, ku juya ta zuwa naira ku gani. Kafin ka zuba wannan kuɗin gara hannunka ya riga ya fara kawo maka wani abu. Kuma karatun littafin ma ya fi zama a kan wanda ya taɓa ƙona yatsa da abin.

46/
A gefe guda: na san taken da ke cika ɗaki, "yadda ake fasa Wi-Fi". Don Allah a bar shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 na nan, shiga netwok ɗin wani ba izini laifi ne. In haɗarin ake son nunawa, a kunna Wireshark a kan netwok ɗin teburinmu, a shiga shafin da ba HTTPS, mutum ya ga abin da ya rubuta kwance a fili. Tsoron da zai ji ya isa darasi.

47/
Mata. Na lura in tebur ya haɗu, namiji ne ke cafke filaya, a miƙa wa mace biro wai ta riƙa rubutawa. Shi ya sa na nace kowa da kebul ɗinsa. In sun fi sakewa a teburinsu, a ware masu, da mace mai kula. Kuma zaman bayan Magariba zaman maza ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Safiyar Asabar ta fi.

48/
Kar a sa zama ranar Alhamis. Ranar kasuwar Maigatari ce, masu zuwan da yawa na can suna neman na kansu. Da damina kuma safiya ta gona ce, sai a mayar da shi bayan Azahar har a gama aiki.

49/
Gumel kuma kada ta riƙe komai don nan fadar masarauta take, nan Kwalejin Ilimi take. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shinge. Ya fi sauƙi mutum biyu su kai kaya Sule Tankarkar ko Gagarawa da a ce mutum 20 su taso zuwa Gumel. In ka cire laftof, kayan tebur biyar jaka ɗaya ce, ta hau bayan mashin.

50/
Zama na huɗu ko na biyar, a bar ɗakin taro gaba ɗaya. A nemi izinin wata makaranta mai ɗakin kwamfuta da ƙura ta lulluɓe don ba wanda ya iya haɗa su. A yini a can, a ja kebul, a liƙa lamba a kowane kai, a zana taswirar haɗin a bar wa malamin da ke riƙe da makulli. Wanda ya yi wannan yana da abin nunawa in an ce wane aiki ka taɓa yi.

51/
Duk mai tsohuwar rawuta a durowa, ko suwic da aka daina amfani da shi, ko ragowar kebul daga aikin kyamara, don Allah kada ya zubar. Mai matsalar ma ana so, ita ta fi amfani a ɓata-ka-gyara. A tara a hannun mutum ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a rubuta abin da aka karɓa da wanda ya ara a littafi, don filaya ba ta da wuyar yin ƙafa.